Koren da Rana Ta Cinye

A ajinmu akwai masu cewa fentin mota ba wani aiki ba ne. A waya suka gani: mutum ya riƙe bindigar feshi, ya kai hannu dama ya kai hagu, kafin bidiyon ya ƙare tsohuwar mota ta koma sabuwa fil. Ranar da aka yi wannan hira ban tanka ba, domin magana cikin mutane ba ta zo mini da sauƙi. Amma a garejin fenti na tashi, kuma tun ina firamare nake aiki a cikinsa, shi ya sa na ga gara in rubuta musu.

Garejin yana jikin gidanmu a Tudun Wada, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da zaure. Na babana ne, Malam Idi, wanda kowa ke kira Idi Mai Fenti. Ni kuma Ummi yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Idan na dawo daga makaranta na ci abinci, sai in zura wata tsohuwar rigarsa a kan kayana in shiga. Ni ke rufe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu, in bi gefensu da salatif yadda fenti ba zai taɓa roba ba. Ni ke tace fenti da wani ɗankwalin Inna da ya tsufa, don ko ɗan tsaki ɗaya ya shiga bindiga, sai ta tofar da shi a jikin mota. In an gama kuma ni ke kwance bindigar in wanke ta da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, in jera ƙananan ƙarafunanta a kan faranti su sha iska.

Duk hutun makaranta sai an kawo wa Baba yara su koyi aiki, daga Gyallesu, daga Tudun Jukun, kuma kowannensu bindigar yake kallo tun daga bakin ƙofa. Baba ba ya hana su kallo. Yakan miƙa wa yaro bokitin ruwa da samfefa, wato takardar nan mai kaushi da ake goge jikin mota da ita, ya nuna masa ƙofa ɗaya ya ce ya goge. In yaron ya ce ya gama, sai Baba ya ce ya rufe ido ya shafa da tafin hannu.

"Me ka ji?"

"Ba komai, Oga."

"Sake shafawa. Nan, kusa da mariƙi."

"Akwai ɗan rami."

"To shi ne aikin. Feshin da kake hange, hutuna ne. Duk abin da ka bari a ƙasa, in fenti ya hau sai ya fi fitowa. Ni a Sabon Gari na koya, wajen wani Bayarabe, kuma sai da zanen yatsuna ya shafe saboda guga kafin ya bar ni na taɓa bindigarsa. Ranar da na taɓa ta kuwa, ruwa ya zuba mini a ciki, ya ce in fesa bango."

Yawancinsu kafin hutu ya ƙare sun gudu.

Motar Alhaji Sabo mai magani ita ce aikin farko da ya zauna mini a rai. Doguwa ce, mai lasifika a kan rufi, da ita yake bin kasuwannin ƙauye yana tallar maganin basir da shawara da sanyin ƙashi. Wata babbar mota ce ta goge ta a hanyar Giwa, gefe ɗaya ya lotse tun daga fitila har ƙofar baya. Bayan mai gyaran jiki ya bubbuge ta, Baba ya cike ramukan da foti, ya goge, ya sake cikewa, ya sake gogewa, har Alhaji ya fara aiko direbansa kullum. Ranar feshi ya sa aka yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, ya zubar da ruwan da ke taruwa a cikin injin iska, ya rufe bakin gareji da tamfol. Fara ya yi ta. Da aka fito da ita Alhaji ya zagaya yana neman gefen da aka buge, ya kasa tuna ko dama ne ko hagu. Tun daga ranar motocinsa uku ba su san wani gareji ba sai namu. Duk zuwan da zai yi kuma sai ya ajiye wa Baba kwalba.

"Malam Idi, ga na basir."

"Alhaji, ni fa lafiyata ƙalau."

"Ai tun kafin ya zo ake sha."

Kwalaben suna nan jere a kan kanta, bayan gwangwanayen fenti, ba a buɗe ko ɗaya ba.

A cikin yaran da aka kawo, Nura ne kaɗai ya zauna. Kawunsa ne ya kawo shi daga Dutsen Abba, siriri, ba ya da yawan magana, in ya goge ƙofa har lungun da ba wanda zai leƙa yake bi. Shekaru ya yi a wurinmu. A zaurenmu yake kwana, a kwanonmu yake ci, ni kuma Yaya Nura nake ce masa. Hannunsa ba ya rawa. Mai feshi in ya daɗe a wuri ɗaya, fentin yakan taru ya gangaro, mu hawaye muke kiran wannan. In ya yi nisa da bindigar kuma, jikin ya fito da kaushi kamar bayan lemo. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga ciki a aikin Yaya Nura ba. Baba ma ya lura, don akwai lokacin da ya daina tsayawa a bayansa. Sai ya zauna a benci yana kallon hannun.

Da lokacin yaye shi ya yi, aka tara masu sana'a, liman ya yi addu'a, aka raba goro da dabino, Baba ya ɗauko bindigarsa ta biyu ya damƙa masa. Mun zaci Dutsen Abba zai koma, ko ya nemi wuri can wajen Kwangila. Sai ga shi ya kama filin da ke tsallaken titi, daidai saitin ƙofarmu. Ya zo ya durƙusa ya ce nan ne kaɗai ya samu da sauƙi. Baba ya ce Allah ya sa albarka. Da ya fita, Baba ya daɗe yana juya fenti a gwangwani, sannan ya ce, "Duk faɗin Zariya."

Yaya Nura ne ya kawo niyon unguwarmu. Fenti ne mai ɗaukar ido, irin launin rigar masu ba da hannu a titi. Akwai kore, akwai ruwan lemo, akwai ruwan hoda, kuma in magariba ta kawo kai sai ka ga kamar an kunna wa motar wuta daga ciki. Da babura ya fara, sannan wani ɗalibin jami'a ya kawo ƙaramar motarsa aka yi mata ruwan lemo. Daga nan samari suka mayar da gaban garejinsa wurin zama. Suna ɗaukar hoto, suna sa waƙa, shi kuma yana rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe a bayan kowace mota. Daga inda nake tsugune ina manna jarida ina ganin komai. Na san motocin da dā namu ne, har da wadda ni na rufe wa gilashi a zuwanta na ƙarshe. Mai shayin da ke kafa teburinsa a jikin bangonmu ma, wata safiya sai muka gan shi a can.

Wannan ya zo daidai da shekarar da mai ya yi tsada. Mutane suka jingine motoci a gida, wanda ya fito da tasa kuwa ko ta ƙuje ba ya waiwayar mai fenti. Tina ta hau, foti ya hau, wuta ba ta zuwa, janareta kuma ba ruwa yake sha ba. Ɗan aikin da ya rage a unguwa, tsallaken titi yake tafiya. Baba ya koma fesa ƙofofin ƙarfe da tsofaffin firji. Wani mai facin taya ya zo ya taya injin iskarmu, Inna ta ce a duba maganar, Baba ya ce ranar da aka sayar da injin an rufe gareji ke nan. Motocin Alhaji Sabo ne suka riƙe mu, don hanyoyin ƙauye ba sa barin mota lafiya.

Baba fentin 'yan rawa yake ce wa niyon. Amma na ga ranar da ya dawo da ɗan ƙaramin gwangwaninsa a aljihu. Ya jira Yaya Nura ya tafi masallaci, ya fesa a jikin wani guntun ƙofa, ya ɗora shi a kan rufin gareji inda rana ke duka. Yakan hau tsani ya duba. Ba a daɗe ba ya sauko da shi ya nuna mini, fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa albishir. Koren ya fara mutuwa.

Ana cikin haka Alhaji Sabo ya zo da doguwar motar wata safiya. Bai kashe ta ba ma, ya leƙo ta taga. Muryarsa a dishe take saboda talla, amma ko raɗa ya yi sai an ji a tsallake.

"Malam Idi, so nake ka yi mini irin na yaron nan. Koren nan mai ihu."

"Alhaji, wannan ba fentin motar kasuwa ba ne. Motarka tun hantsi har la'asar a rana take. Kafin damina ta zagayo zai koɗe."

"Kai dai ka ce ba ka iya ba."

"Na iya. Ba zan yi maka ba ne. Farin da na yi maka, ya koɗe?"

"Bai koɗe ba, amma ba ya kiran kowa. In na tsaya a kasuwa sai a ɗauka motar asibiti ce."

"Ai magani kake sayarwa."

"Malam Idi, ko dai don na yaronka ne kake kushe shi?"

Baba ya koma kan aikinsa. Alhaji kuma bai ja motar da nisa ba, kwana kawai ya yi ya tsallaka titi.

Motar ta yi kyau, ba yadda zan ce ba ta yi ba. Ranar da aka fito da ita yara suka bi ta har bakin kasuwa, 'yan acaba suna rage gudu suna kallo. Labari ya zo mana cewa cinikin Alhaji ya ƙaru. Sauran motocinsa biyu ma, da suka buƙaci ɗan gyara, can aka kai su. Duk safiyar da koriyar za ta wuce ta ƙofarmu, tun daga nesa muke jin lasifika, sai Baba ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ummi, idonki ya fi nawa. Ya fara koɗewa?"

"Bai fara ba, Baba."

"Duba rufin. Ta can yake farawa."

"Yana nan yadda yake."

"To."

Haka muka yi ta yi. Har a hanyar makaranta, in na hango ta, rufin nake fara dubawa. Da zafin bazara ya kankama sai ya fara. Rufin ya yi haske, bonet ya bi, sannan kafaɗun ƙofofi. Daga kore shar ya koma ruwan da aka tafasa alayyahu, daga nan ya doshi launin kunun kanwa. Ranar da na ce, "Ya fara, Baba," ya aika aka sayo mana tsire, abin da ya daɗe bai yi ba.

Wata ranar da ba kasuwa, bayan azahar, Alhaji ya dawo da ita wurinmu. Muna kan wani firji, shi ne kaɗai aikin da ke garejin. Wannan karon ya kashe motar, ya fito, ya bugi bonet da tafin hannu.

"Ka ga abin da yaronka ya yi mini."

A tsakiyar bonet ɗin akwai wuri mai kusurwa huɗu da koren yake nan da ransa, yana ihu kamar jiya aka fesa. Duk kewayensa ya mutu.

"Duba nan," in ji Alhaji. "Nan kaɗai ya sa mini na gaske, don in gani in yarda. Sauran duk jabu ya dama mini. Kai ne babba a sana'ar nan. Ka faɗa da bakinka a gaban mutane cewa jabu ne, gobe in kai shi gaban shugabannin ƙungiyarku, motocina uku kuma su dawo nan, kamar dā."

Ya sa direbansa ya kira Yaya Nura. Ya tsallako da takunkumi rataye a wuya, faratansa duk ruwan hoda, ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Alhaji. Samarin da ke zaune a wurinsa suka biyo shi, mai shayi ya bar tukunyarsa, 'yan acaba suka faka.

"Wallahi, Oga, gwangwani ɗaya ne tun daga gaba har baya," in ji Yaya Nura. Baba yake kallo, ba Alhaji ba.

Baba ya zagaya motar a hankali, tafin hannunsa a jikinta. Ya shafa ƙofa ya kai yatsu hanci. Ya dawo kan bonet ya tsaya. Ina bayansa da salatif a hannu, kuma na ga abin da yake gani. Gefunan wurin a miƙe suke kamar an ja da rula, sai kusurwa ɗaya da ta ɗan gutsure. Ba mai feshin da hannunsa zai yi haka. Na taɓa ganin motar a bakin kasuwa, na san abin da ake shimfiɗawa a nan. Amma mutanen da ke tsaye ba su sani ba, Alhaji ma bai kawo a ransa ba. Ba sai Baba ya yi ƙarya ba. Kai kawai zai gyaɗa, ko ya ce shi dai ya gaya wa Alhaji tun farko, ya yi shiru. Na kalli injin iska a kusurwa, na kalli ƙeyar Baba, ina jira ya gyaɗa.

Ya ci gaba da kallon bonet ɗin. Har Alhaji ya ce, "Malam Idi, kai muke saurare."

"Alhaji, ina tabarmar da kake baza magani a kai?"

"Tana but. Me ya kawo tabarma?"

"A ɗauko."

Direba ya ɗauko. Tabarmar roba ce, ƙarama, kusurwarta ɗaya ta cinye. Baba ya karɓa ya shimfiɗa a kan bonet, ya gyara ta da yatsa. Ta rufe koren ruf, ba ragi ba ƙari, har gutsurarriyar kusurwar ta zauna a wurinta. Wani ɗan acaba ya yi dariya.

"Fentin ɗaya ne," in ji Baba. "Inda tabarma ta kare, ya rayu. Inda rana ta samu, ta cinye. Yaron bai dama maka komai ba."

Bai kalli Yaya Nura ba da ya faɗi haka. Sai da ya naɗe tabarmar ya miƙa wa direba sannan ya juya gare shi.

"Ka gaya masa zai koɗe?"

"Ban gaya masa ba, Oga."

"Me ya sa?"

"Kada ya fasa."

"Ni na gaya masa, ya fasa. Ka ga ka fi ni wayo."

Mutane suka yi dariya, Baba bai yi ba. Alhaji ya cire hula ya sosa kai.

"To yanzu meye maganinsa?"

"Kai ma yau ka zo neman magani," in ji Baba. "Wannan fentin, Alhaji, ba mai hana shi koɗewa, sai dai a ja masa kwana. Da farko a rufe shi da kiliya mai kauri, irin wadda aka yi don rana, ba shafa ɗaya ba." Kiliya ita ce ruwan nan marar launi da ake fesawa a ƙarshe, mai sa mota ƙyalli. "In ka isa kasuwa ka nemi gindin bishiya. In babu, ka sa maƙeri ya yi maka rumfa a kan rufi, mai buɗewa kamar lema, ta rufe har bonet. Ranar da ba kasuwa, tamfol. Wanki kuma ruwa da tsumma mai laushi, ban da garin sabulu. Sannan ka hana yaranka wannan."

Ya miƙa masa yatsunsa. Alhaji ya shinshina.

"Kananzir."

"Suna shafa mata da safe don ta yi sheƙi. Yana cinye kiliyar, rana ta samu hanya."

Direban ya koma bayan mota yana gyaran igiyar lasifika da ba abin da ya same ta.

"Ko kuma," in ji Baba, muryarsa ta sauka, "ka koma fari ka huta."

Alhaji ya mayar da hula. Ya kalli motar, ya kalli firjin da muke fesawa, ya kalli tsallaken titi.

"Malam Idi, Allah ya saka da alheri, ka fitar da ni daga ɗaukar alhaki. Amma koren nan shi ke tara mini jama'a. Tunda yaron bai cuce ni ba, ba ni da dalilin barinsa. Nura, karɓi makulli. Ka yi yadda Oganka ya faɗa. Sauran biyun ma haka nake so."

Ya shiga mota ya lalubo kwalba ya ajiye a kan firjin, ya tafi. Mutane suka watse, yawancinsu suka bi motar zuwa tsallake. Baba ya ɗauki samfefa ya ci gaba da guga. Ni na ɗauke kwalbar, saboda a kan wurin da bai bushe ba ya ajiye ta, har ta bar zobe. Sai da muka sake goge wurin.

Kwana biyu bayan haka mai facin taya ya sake zuwa kan maganar injin, Baba ya ce ya dawo wani satin. Bai ce a'a ba, kuma a cikin gida an ji bambancin.

Kafin satin ya zagayo Yaya Nura ya shigo da la'asar. Ya cire takalmi a bakin gareji kamar yadda yake yi dā, ya tsuguna.

"Oga, aikin ya fi ƙarfina. Motoci uku ne, Alhaji kuma ba ya son ya rasa kasuwa. Sai an kankare tsohon fentin gaba ɗaya, sannan a yi fari a ƙasa."

Niyon siriri ne, ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. In ba a kan fari tas ya hau ba, ba ya ihu, kuma duk tabon da ke ƙasa sai ya nuna.

"Ba wanda ya kai ka fari, Oga. In za ka yi mini ƙasan, ni in yi saman."

"Wato in yi maka yaro."

"Subhanallahi, Oga."

"Guga da foti ai aikin yaro ne. Ni na koya maka haka."

Yaya Nura ya sunkuyar da kai yana murza fentin da ke farcensa. Baba ya kalli kanta, ya kalli ƙasa, ya kalli injin.

"Farina ba ya son gaggawa."

"Na sani, Oga."

"Turo ɗaya."

Doguwar aka turo, wadda ta koɗe. Baba bai bar kowa ya taya shi guga ba. Ya sauke lasifika, ya kankare koren Yaya Nura tun daga rufi har ƙasan ƙofofi, ruwan bokiti yana komawa kore ina zubarwa ina sake ɗebowa. A ƙarƙashinsa ya tarar da tsohon farinsa, ya tsaya ya shafa. Ya bi duk lotsawar da hanyoyin ƙauye suka yi mata, har wata ƙarama a bayan lamba da ba mai gani. Yatsunsa suka fashe, ya naɗe su da salatif ya ci gaba. Ni kuma na rufe gilasan yadda ban taɓa rufewa ba, ina tura gefen jarida cikin roba da bayan cokali. Ranar feshi wuta ta zo da kanta. Ya yayyafa ruwa, ya saki tamfol, ya yi mata shafa bayan shafa, yana jira tsakani, kunnensa a kan ƙarar bindiga. Da ya ɗaga tamfol, garejin ya yi haske kamar an ƙara masa taga.

Washegari Asabar ce, ba makaranta. Da safe na taɓa ƙasan bamba da bayan yatsa, ya bushe ƙamas. Yaya Nura ya aiko a tambaya, Baba ya ce bai bushe ba. Ya ce in cire jaridun in goge gilasai, ko da yake a tsallake sai an sake rufe su. Sannan muka tura ta bakin gareji, inda inuwar rumfa ta tsaya, gabanta yana kallon titi. Ya jawo benci ya zauna kusa da ita da rediyonsa.

Bayan azahar aka sake aikowa, ya ce bai bushe ba.

Mutane suna ta wucewa, masu zuwa kasuwa, 'yan Islamiyya, masu keke. A tsallake samari sun kewaye wani babur ruwan hoda suna ɗaukar hoto. Can wani mutum a cikin mota mai kyau ya rage gudu a gabanmu, ya sauke gilashi. Baba ya rage ƙarar rediyo, ya gyara zama.

"Salamu alaikum, Malam. Don Allah ina ne wajen mai niyon ɗin nan?"

Baba ya nuna masa da haɓa.

Ya ƙara zama har inuwar ta gota, rana ta fara taɓa bonet. Sannan ya kashe rediyo, ya ɗauki bencin.

"Ummi, je ki ce wa yayanki ta bushe."